Azumin da Mahautan Didaure Suka Naɗe Wuƙa

Azumin bana ya faɗo cikin bazara, ni kuwa ba na son azumin bazara. Ƙishirwa ba ta dame ni ba, na saba da ita. Abin da ke ɓata mini rai shi ne yana tuna mini da wani azumi da muka yi a nan Didaure, unguwarmu ta Sokode, shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, lokacin da watan ya same mu cikin irin wannan zafi, mangwaro na nuna a bishiya, famfo ya ƙafe, unguwa ta yi tsit tun kafin azahar. Shekaranjiya ina kwance a zaure ina fifita sai jikana Bashiru ya jingine babur ɗinsa na haya da muke kira zemijan, ya shigo da waya a hannu, wai in saurari ɗan takararsu. Bara wannan ɗan takarar har muryarsa ke dishewa wajen zagin masu mulki, su Bashiru na bin motarsa a babura ko mai ba a saya musu. Bana murya ta yi laushi, wai lokaci ya yi da za a zauna da kowa.

"Kaka, dabara ce," in ji Bashiru. "Sai ya jawo 'yan tsakiya kafin ya ci. In ya shiga zai dawo wajenmu."

Na ce ya kashe abin nan ya ba ni wuri. Wannan dabarar na san ta tun ba a yaye uwarsa ba, kuma na san gidan da ta ci.

Mijina Idi mahauci ne ɗan mahauci. Teburinsa na kasuwa na ubansa ne, na farko in ka shigo layin nama, katakon ya lotsa a tsakiya saboda sara. Ni kuwa 'yar Dapango ce, garin da yanzu ake rubuta Dapaong a allon hanya. Ubanmu falken shanu ne, yayana Sani ya gaje shi. Aurena ma shanu ne suka ƙulla shi, Yaya Sani na saukowa da su, Idi na yankawa, har wata rana aka ce akwai ƙanwa a gida. A lokacin kusan duk saniyar da ake ci a Sokode daga can take saukowa, daga karar Dapango da kasuwannin Tanjuware.

Sai ga Metir Alasan. Ɗan unguwarmu ne, malamin lekol, wato makarantar boko, yaron da Idi ke yankar wa ɗan tsoka a kan tebur in ya taso daga makaranta da yunwa. Ya fito takarar depite, wato ɗan majalisa, a jam'iyyar da ke ja da masu mulki, kuma Allah ya yi masa baki. In ya hau benci ya fara, da Faransanci, da Tem, da Hausa, sai ka ga tsoho na share hawaye da bakin riga. Ba sulhu, ba zama da azzalumai, haka yake cewa. Mahauta suka ɗauke shi a ka. Su ke gadin taronsa, mu matansu ke dafa wa 'yan kamfe abinci, ba wanda ya taɓa tambayar ladansa.

Ana saura kaɗan a ga wata ya yi babban taro a filin lekol. Ana tsakar magana kamiyon-kamiyon suka tsaya, ƙarti suka diro da sanduna. Daga filin suka wuce kasuwa suka kifar da teburan nama, suka fasa wa wani mahauci mai suna Garba ido ɗaya. Kowa ya gane motocin, na manyan fataken shanun Dapango ne, har da ta Yaya Sani. Shi dai har ya mutu yana cewa haya ya bayar, bai san abin da za a ɗauka ba.

Washegari bayan sallar asuba mahauta suka taru a mayanka. Sarkin fawa ya tsufa, ya ce kansa na ciwo, don haka Idi ne ya shige gaba. Aka kawo Alƙur'ani, shi ya fara dafawa, saura suka bi ɗaya bayan ɗaya. Suka rantse ba za su ƙara sa wuƙa a wuyan saniyar da ta sauko daga Dapango ba sai ranar da Metir ya shiga majalisa. Ya dawo gida ya wanke babbar wuƙarsa, ya shafe ta da kitse, ya naɗe cikin farin ƙyalle, ya soka a saman ɗaki.

Na ce, "Maigida, mu ci me?"

Ya ce, "Allah na nan, Rabi."

"Na san Allah na nan. Kai nake tambaya, tunda kai ka rantse."

Idi in ya kafe, gara ki yi magana da turmi.

Haka watan ya kama. Kwanakin farko da sauƙi, ana samun awaki da tumaki daga ƙauyukan kusa, mahauta na yanka ɗaya su raba tsakaninsu a sayar. Amma akuya nawa ce a ƙauye a ƙarshen rani, kuma mahauci nawa za ta ciyar? Kafin azumi ya yi nisa mayanka ta bushe. Ungulayen da ke kwana a kan rufinta suka tashi suka koma bayan gari. Mu mata kuma sana'armu ta mutu tare da ta maza, don a gidan mahauci mace ke da kai da ƙafa da kayan ciki. Da can tun hantsi tsakar gidana hayaƙin babbaka ne, ina kankare ganda, ina wanke tumbi, yara na kai wa masu tuwo. Shekarar nan na share wurin babbakar na shanya wanki a kai.

Zafin kuwa ba a magana. Da safe rana ke fitowa kamar da ita aka yi faɗa. Kwanon rufi na ƙara shi kaɗai, tabarma na ƙuna, ruwan randa ya yi ɗumi kamar an ɗora. Yanzu ana la'asar yara na yawo da ƙanƙara da ruwan leda, kowane lungu da mai firigo na sayar da kaza da kifi. A lokacin famfon unguwa ɗaya ne, shi ma sai ya yi ta huci ba ɗigo. Muna idar da sallar asuba za mu ɗauki bokitai mu nufi rijiyar bayan masallaci, a jefa guga a jira, ya fito da rabin laka. A kawo gida a bar shi ya kwanta, na sama na sha, na tsakiya na girki, na ƙasa na alwala da wanke yara.

Mu matan mahauta na layinmu muka haɗa tukunya ɗaya, don itace ma ya zama abin nema. Wannan ta kawo masara, waccan daddawa, wata busasshiyar kuɓewa. Da hantsi a surfa, a kai inji in akwai wuta, in babu a daka. Da azahar kowa ta kwanta a inuwa ba mai iya magana, sai kukan kurciya. Da la'asar a hura wuta. Da farko muna da tsoffin ƙasusuwan da muka adana, mu jefa a miya, in an sauke a tsame a shanya, gobe a sake jefawa, har suka yi fari fat ba ko ƙamshi. Daga nan muka koma busasshiyar ganda. Da ita ma ta ƙare sai kuka da gishiri da barkono. Buɗa baki kuwa mangwaron da yara suka jefo ne da garin rogo a jiƙe, sahur ɗumamen abin da ya rage. Matan Fulani na wucewa da cukun wagashi a ƙwarya, mu kau da kai kamar ba mu gani ba. Ina goyon autata a lokacin, nono ya janye, yarinya ta yi ta tsotsa tana kuka, ni ma ina yi.

Duk da haka ba wadda ta ce a fasa. Wannan nake so a sani. In an sha ruwa maza su taru a ƙofar gidanmu, Garba na zaune da ƙyalle a ido, a yi ta lissafin yadda fataken Dapango ke ji a jikinsu. Kuma suna ji ɗin, don shanu sun taru musu ba mai saye. Kwanakin farko Metir kan zo ya zauna a tabarma ɗaya da su, ya sha garin rogo a kofin roba, ya ce tarihi ba zai manta da mahautan Didaure ba. Daga baya ya riƙa aiko gaisuwa. Daga baya gaisuwar ma ta ɗauke, aka ce aiki ya yi masa yawa, yana shan ruwa a gidajen Alhazan unguwar Koma.

Da azumi ya raba tsakiya masara ta ƙare. Na ce wa Idi zan je gida in roƙo gero. Ya ɗaure fuska, na ce rantsuwarsa a kan shanu take, ba ta hau kan gero ba, kuma in yarinyar nan ta mutu ba Metir zai haƙa kabari ba. Ya yi shiru, na ɗauki shirun a matsayin izini. Na shiga motar bashe tun da sassafe, mun cushe kamar buhuna, muka hau duwatsu muka sauka, muka wuce Kara, muka wuce Mango, ƙasa na ƙara yin fari, bishiyoyi na raguwa. Zafin Sokode wasa ne a kan na Dapango, can iskar ma ƙuna take. Da muka wuce ta gefen kara, kasuwar dabbobi, na ga shanu cike, haƙarƙari a waje, makiyayan Tanjuware na zaune a gindin bishiya sun zuba musu ido. Na ji tausayinsu, su ma ba su suka ɗauki sanda ba.

Na iske gidan Yaya Sani ana ta girki. Ƙamshin nama ya buge ni a ƙofa har sai da na dafa bango. Matarsa ta ce na zo a daidai, manyan baƙi za su sha ruwa a gidan, in taya ta ɗaukar faranti. Ana kiran magariba na ɗauki tire na nufi zaure. Alhazan kara ne zaune a kan darduma, masu motocin nan, kuma a tsakiyarsu, cikin babbar riga sabuwa, ba ɗan ƙyallen jam'iyya da yake ratayawa a wuya, Metir Alasan ne riƙe da ƙashi yana zuƙar ɓargo.

Ko kunya bai ji ba. "A'a! Mma Rabi! Ke ce a nan? Ina Baba Idi?"

"Yana inda ka bar shi, Metir. Yanzu haka yana buɗa baki da garin rogo."

Alhazai suka sunkuyar da kai cikin kwano. Na ajiye tire na fita. Ya biyo ni wajen buta kamar zai wanke hannu, ya rage murya.

"Mma, fardon, ki fahimce ni. Politik lissafi ne. Mahauta da 'yan zango kaɗai ba sa kai mutum majalisa. Alhazan Koma, ma'aikatan buro na gwamnati, manyan 'yan kasuwa, duk rikici suke tsoro, suna ganin ni mai zafin kai ne. Su kuma da mutanen nan bakinsu ɗaya, surukai ne, abokan ciniki ne. In na nan suka ce Metir ya yi sanyi, can ma za a yarda."

"Mu fa?"

"Ku ai nawa ne, Mma. Waɗanda ba nawa ba nake nema. Ko za ki je ki jefa wa waɗanda suka fasa idon Garba?"

Ya faɗa yana murmushi, yana goge maiƙo a yatsu. Na tsani mutane a rayuwata, amma ban taɓa tsanar wani kamar yadda na tsane shi a bakin butar nan ba. An zubo mini nama a kwano daren, na ture shi gefe. Da safe Yaya Sani ya sa aka ɗora mini buhun gero a mota, ya ce, "Ki gaya wa mijinki wasa ya ƙare, manya sun shirya. Ya sauko da wuƙarsa kafin ta yi tsatsa."

Na gaya wa Idi komai, har ɓargon. Ya ce Alasan ya san abin da yake yi. Bayan kwana kaɗan muka ji shi da kunnenmu a rediyo. Ya kira masu motocin 'yan'uwanmu na arewa. Ya ce abin da ya faru a filin lekol rashin fahimta ne, a bar wa Allah. Ya ce shi ba ɗan takarar wata unguwa ba ne ko wata sana'a, na kowa ne. Garba na zaune a wurin, ya ɗaga hannu ya taɓa ƙyallen idonsa, ya tashi ya tafi bai yi sallama ba.

Daga ranar unguwa ta dare. Wasu suka ce dabara ce, a yi haƙuri, irin maganar Bashiru sak. Samari suka bi bango suna yage hotunansa, waɗanda da su suka manna da kokon rogo. Wasu kuma ba su ce komai ba, sai dai aka fara ganinsu da asuba suna zagayawa bayan gari inda fatake ke tsayar da shanu. Aka yi cacar baki a ƙofar masallaci har liman ya fito da carbi a hannu yana raba dattawa. Tukunyarmu ta mata ma ta watse, don ba za ki tuƙa tuwo da wadda ta ce mijinki wawa ne ba, ita ma ba za ta tuƙa da wadda ta ce nata maci amana ne ba. Kowa ta koma murhunta, itace ya ƙara wuya. Goman ƙarshe na watan nan, da ya kamata a yi ta ibada, mu da gaba muka cika shi.

Ranar jajibere da hantsi muka ji ganga. Hadari ya haɗu tun safe, gari ya yi nauyi, ko ganye ba ya motsi. Metir ne tafe da Alhazan Koma da na Dapango, Yaya Sani na gaba yana jan wani farin sa mai tozo, ƙato, irin wanda ba mu gani ba tun kafin azumi. Suka tsaya a ƙofar gidanmu, unguwa ta taru. Metir ya ce wannan kyauta ce ta sulhu daga 'yan'uwa, a yanka a raba wa kowane gida naman sallah, kuma ba wanda ya dace ya sa wuƙa sai Baba Idi, don shi ne babba.

Idi ya fito daga zaure a hankali, azumi ya rame shi, riga na rawa a jikinsa.

"Alasan, ka shiga majalisar ne ban ji ba?"

"Saura kaɗan, Baba, da yardar Allah. Wannan ma hanyar ce."

"To rantsuwar fa?"

Metir ya dubi Alhazai, ya dubi jama'a, ya buɗe hannuwa. "Baba Idi, ni ban rantse ba. Ku kuka rantse, kuma na gode. Amma ni ban ce kowa ya dafa Alƙur'ani ba."

Sai a lokacin maza suka tuna. Ranar nan a mayanka Metir na tsaye a gefe da kwat, hannu a ƙirji, yana hawaye, amma hannun bai taɓa sauka a kan Littafi ba.

Liman ya matso ya ce addini da sauƙi, rantsuwa tana da kaffara, mutum ya ciyar da miskinai goma, in ba shi da hali ya yi azumi uku. Yaya Sani ya ce shi zai ciyar a madadin kowa. Na ga fuskokin mahauta sun saki, kuma ban ga laifinsu ba, yaransu na tsaye suna kallon san nan kamar su cinye shi ɗanye. Ni kaina addu'a nake a zuci Idi ya karɓa.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, na san da kaffara. Duk wanda ya ga zai yi, ya yi, ban riƙe kowa ba. Amma ni na ja mutanen nan suka dafa. Kuma mahauci da wallahi yake cin abinci. In na warware wannan don an kawo sa, gobe na ce wa mace wallahi naman nan na yau ne, don me za ta yarda?"

Ya juya ya shige gida. Wani ya yanka san a ƙofarmu, jini ya gangaro har bakin zaure. Da la'asar ruwan farko ya sauko da iska, ya wanke jinin, ƙasa ta tashi da ƙamshi, yara na tsalle tsirara a cikinsa. An aiko mana da cinya guda, Idi ya ce a mayar. Ranar sallah duk Didaure na ƙamshin suya, mu muka ci tuwon gero da miyar kuka, yarana na leƙen katanga. Na yi fushi da Idi ranar, fushi mai tsanani, na faɗa masa maganganun da ba a faɗa wa miji. Amma fushin da nake yi da shi daban, wanda nake yi da Metir daban.

Zaɓe ya zo bayan damina ta kankama. Da can an shirya mahauta za su kwana a layi, mata za su kai musu koko. Ranar kuwa unguwa kamar an yi mutuwa. Masu gona suka ce shuka ba ta jira. Samari suka zauna a gindin mangwaro suna karta, wasu sun ƙone katinsu na zaɓe tun ranar rediyo. Garba ya buɗe teburinsa ya yi ciniki kamar kowace rana. Ba wanda ya je ya jefa wa ɗaya ɓangaren, a nan Metir ya yi gaskiya. Abin da bai lissafa ba shi ne mutum na iya zama a gida.

Idi ya yi wanka ya sa hula ya ɗauki katinsa. Na tare shi a ƙofa.

"Bayan duk abin da ya yi maka, shi za ka je ka jefa wa?"

"Ba shi nake zaɓa ba, Rabi. Wuƙata nake zaɓa. In bai shiga ba, ba ta saukowa."

Ya tafi shi kaɗai cikin yayyafi. Alhazan Koma da ma'aikatan buro kuwa, waɗanda aka sayar da mu don a same su, sun ci naman sulhu, sun yaba hankalin Metir, suka shiga suka jefa inda suka saba jefawa. Metir ya faɗi.

Tebur ba ya zama ba nama. Sarkin fawa ya yi ta ɗaga wa Idi ƙafa har ya gaji, ya ba wani teburin. Idi ya koma yankan awaki, da wannan ya gagara ya kafa tukubar tsire a tasha, yana sayen nama a hannun yaran da shi ya koya wa riƙon wuƙa. 'Ya'yanmu maza ba wanda ya koyi fawa, a ina za su koya? Babban ya zama makanike, ƙaramin ya tafi Lome. Metir kuwa ya ci gaba da matsawa. Zaɓe na gaba ya ce shi ba ya nan ba ya can. Na gaba da shi aka ga hotonsa a takardar mutanen da da yake kira azzalumai. Kuma duk inda hoton nan ya koma, Idi zai yi wanka ya sa hula ya bi shi. Har 'yan unguwa, waɗanda suka yi kaffara tun ranar jajibere suka koma teburansu, suka riƙa nuna shi da baki, wai tsohon nan ya bi Metir ya sauya sheƙa. Wannan ya fi yunwar yi mini ciwo.

A ƙarshe Metir ya shiga majalisa. Shekaru sun ja, gashin Idi ya yi fari, na Yaya Sani ma. Washegarin da aka faɗi sakamako sai ga Yaya Sani da kansa a kamiyon, ya sauko da sa.

"Idi, rantsuwa ta faɗi. Ga naka, ba kyautar kowa ba ce, tawa ce."

Idi ya ce in ɗauko wuƙar. Na hau turmi na zaro ta daga saman ɗaki, ƙyallen ya yi baƙi, amma kitse ya tsare ta. Ya zauna ya wasa ta a dutse, ya gwada a gashin hannu. Samarin mahauta suka kayar da san, suka ɗaure, suka juya shi alƙibla. Unguwa ta taru, har waɗanda ke nuna shi da baki. Ya durƙusa, ya kama maƙogwaro da hagu, ya ɗaga dama. Hannun na rawa. Ya daɗe yana yi, a wajen tsire ba ya hana komai, ni ma na daina lura. Amma yanka ja ɗaya ne, hannu mai rawa wahalar da dabba yake. Ya sauke, ya ja numfashi, ya sake ɗagawa. Bakin wuƙar na kaɗawa kowa na gani. Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya juya ƙotar ya miƙa wa ɗan Garba.

"Yanka, ɗana. Kar a wahalar da shi."

Aka kama shi ya miƙe, ya koma benci a ƙofar zaure ya zauna. Ana cikin fiɗa sai ga jerin motoci da ganguna, sabon depite na zagayen godiya. Ya ga taro ya sa aka tsaya. Ya yi ƙiba, ya yi furfura mai kyau. Ya taho da fara'a ya kama hannun Idi da hannu biyu.

"Baba Idi! Ka gani? Na ce maka zan shiga. A'a, Baba, hannunka har rawa yake. Murna ce?"

Ni na ce, "Metir, sakar masa hannu. Ba abin da ya rage a ciki da za ka ɗauka."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake, ya shiga mota.